Ƙwaro a Ordinatar Kawu Tanko

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, kuma kafin bazara ta kai tsakiya ciyawa ta fi gero wuyar samu a Matameye. Kakata Baiwa tana da saniya ɗaya, Kyalla, wadda ta raina tun tana maraƙa. Ta ba ta dusa har dusa ta ƙare, ta zare mata karan rufin rumfa, daga ƙarshe dole ta sa aka ja ta zuwa kasuwa. A hanya Kaka ta tsaya a shagon ɗanta, Kawu Tanko mai hoto, ta ce ya ɗauke su tare. Ya ɗauka da yawa, sannan aka wuce da Kyalla.

Ba a wanke ko ɗaya ba. Tawadar injin Kawu ta ƙare, wanda ya aika Kano ya sayo masa kuma kullum sai ya ce gobe. Hotunan suka zauna a cikin ordinatar shagon, wato kwamfutarsa, wani farin akwati da tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa. Kaka takan biyo da hantsi, ta zauna a benci, ta ce a buɗe mata Kyalla. Sai ta dube ta a gilashin, ta ce kai, ta rame, ta tashi ta tafi.

Ni ina zuwa shagon idan an taso daga lakwal, makarantarmu ta boko, wai don in taya Kawu shara. Akwai fanka a wurin, kuma idan na buɗe littafi a bayan labulen hoto ba mai tunawa da ni balle ya aike ni. Kaka ce kaɗai take leƙowa, ta dubi tabarau ɗina ta ce, “Madan Tabarau, ana nan ana cin takarda?”

Abin ya fara ne da nawa. Kawu zai kunna ordinatar, ya je ya sha shayi ya dawo, ba ta gama farkawa ba. Ya ce ita ma fari ya taɓa ta, kowa a garin nan tafiyarsa ta ragu. Sai hotunan wani bikin suna da ya ɗauka a garin Dawce suka ƙi buɗewa, ya ce mutanen Dawce ne ba sa son a gan su. Bayan haka sai ƙarar ta zo: ƙas, ƙas, ƙas, daga can ciki, ta yi shiru, ta sake. Kawu ya ce alamar aiki ce, injin da ba ya ƙara ai lalatacce ne.

Kaka ba ta yarda ba. Ta kara kunne a jikin akwatin kamar yadda take yi wa buhun wake, ta daɗe tana saurare.

“Tanko, akwai ƙwaro a cikin abin nan,” ta ce. “Kuma Kyalla yake ci.”

Washegari ta zo da ganyen dogonyaro ta jera a kan akwatin, ta zagaye shi da toka. Kawu ya bar ta, ya ce ko ba komai shagon ya samu ƙamshi.

Ni kuwa na riga na karanta labarin wannan ƙarar a wani littafin koyon ordinatar da na aro a lakwal. A cikin akwatin akwai faifai mai juyawa, ana ce masa diski, shi ne ma'ajiyar komai, da ɗan hannu siriri mai karanta shi. Idan hannun ya fara bugawa haka, diskin ya kusa mutuwa, kuma duk kunnawa rage masa kwana take yi. Ba a gyara shi. Abin da ake yi shi ne a kwashe abin da ke ciki tun yana motsi. Na yi ta shirya yadda zan faɗa, har na gwada a gaban madubin shagon. Da na buɗe baki na ce, “Kawu, diskin,” sai ya juya ga wani mai jiran hoton katin ɗan ƙasa ya ce ya gyara zama, Madan za ta ba da darasi. Na koma bayan labule.

Wata rana da na taso daga lakwal na hango taron yara a ƙofar shago, na zaci faɗa ake yi. Ashe ordinatar ce aka shimfiɗa a tabarma, a tsakiyar rana, kusa da shanyar kuɓewar maƙwabta. Kaka tana zaune a inuwa da sanda tana korar kaji. Ta ce waken da ya yi ƙwari rana ce maganinsa, kuma ta riga ta juya shi don kowane gefe ya samu. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon sama. Ya ce dama kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, kuma shi ba zai yi musu da mahaifiyarsa a gaban masu sayar da goro ba.

Na taɓa akwatin, ya ƙona ni. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na faɗe ta duka a numfashi ɗaya ina kallon takalmina, faifan da hannun da mutuwar, har da lambar shafin da na gani. Ba wanda ya yi dariya, sai wani yaro, shi ma aka buge masa ƙeya.

“Wato rumbun ne zai rushe?” Kaka ta tambaye ni.

“I, Kaka.”

“To kika tsaya kina kallona ina tankaɗe toka? Tanko, ɗauki abin nan ka shigar.”

Muka bar shi ya huce a gaban ƙofa inda iska ke shigowa. Kawu ya je tasha wurin Hamisu, mai tura wa mutane waƙoƙi a salula, ya aro kile, ɗan abu kamar yatsa da ake zuba hotuna a ciki. Da la'asar kuran ya dawo. Na ce wa Kawu mai yiwuwa wannan ce kunnawa ta ƙarshe, don haka a fara da abin da ya fi muhimmanci.

Nan ne rigima ta tashi. Kawu ya ce abin da ya fi muhimmanci shi ne hotunan sabon farfe, wani soja da aka turo ya mulki yankin, waɗanda ya ɗauka ranar rabon hatsi kuma bai kai ba. Ya ce shi bai shirya zuwa ya yi wa mai kaki bayanin faifai mai juyawa ba. Kaka ta ce sojan yana nan da fuskarsa, duk inda ya je da ita yake tafe, a sake ɗaukarsa. Kyalla fa, a ina za a samo ta? Kawu ya ce Inna ba ki san sojoji ba. Ta ce ta ga sojoji sun zo sun tafi tun shi yana yawo ba wando.

Ya kunna. Ƙarar ta fara tun kafin gilashin ya yi haske, ta fi ta kullum yawa. Da ƙyar wurin hotunan ya buɗe, kuma babu hoto ko ɗaya da ya nuna kansa, sai jerin lambobi. Kawu ya daɗe da hannu a kan na farfe. Sannan ya ja tsaki, ya gangara zuwa ranar kasuwar, ya zaɓe su duka ya tura. Wani ɗan layi kore ya fito yana rarrafe. Kaka ta riƙa yi masa magana a hankali, irin wadda ake yi wa saniya mai naƙuda. Layin ya matsa kaɗan, ya tsaya, ya ƙara matsawa. Sai ƙarar ta ɗauke, gilashin ya yi baƙi. Kawu ya kashe ya kunna, ya sake, ba abin da ya fito sai fararen rubutu.

Mu uku muka tafi tasha, Kaka a gaba. Hamisu ya soka kilen a tasa na'urar, ya ce hoto ɗaya ne ya tsallako. Ya buɗe.

Kyalla ce, tun daga ƙaho har wutsiya, ta ɗaga kai tana kallon mai hoto. Kaka kuwa babu ita, sai hannunta a kan tozo da gefen zaninta. Kawu ya fara ba da haƙuri, ya ce a cikin duk waɗanda ya ɗauka wannan ne kaɗai ya yanke ta.

“Ni ai ga ni, kullum kuna ganina har kun gaji,” Kaka ta ce. Ta matsa kusa da gilashin. “Hamisu, nan garin wa yake da tawada?”

Ya ce sai dai Damagaram, kuma akwai motar da take lodi yanzu. Kaka ta zare kilen da kanta, ta ƙulle shi a bakin zani, ta ce wa Kawu ya je ya kama musu wuri a gaba.