Taken Sulemanu

Da damunar 1965 Habila ya dawo Tsiga hutu daga jami'ar Ibadan, ya tarar babansa Sulemanu ya riga ya yanke hukunci: ba zai koma ba. Shekara guda tsohon yana cika baki a coci cewa ɗansa na jami'a, sai wani mai sayen auduga daga Funtuwa ya fasa ƙwai, ashe rawa da wasan kwaikwayo yaron ke karantawa.

"Rawa ce sai an hau jirgin ƙasa?" in ji Sulemanu. "Ka zauna. Mishan na neman malamin firamare a Malumfashi."

Habila bai yi musu ba, amma abin ya yi masa zafi, don yana son karatun nan kamar ransa. Ya kai kuka wurin uwarsa Liatu. Ita kuwa dariya ta yi, don ta san mijinta ciki da bai. Da ƙuruciya, in aka yi gayya makaɗi ya buga takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, Sulemanu kan yi rawa da garma har 'yan mata su manta da furar da suka kawo. Tun da ya zama dattijon coci ya daina. Ba wanda ya hana shi, shi dai ya ɗora wa kansa girma.

"Jibi akwai gayya a gonar Aƙilu," ta ce. "Ka ce wa Mati makaɗi ya buga taken babanka, kai ka fito ka taka. Amma kada ka kuskura ka yi daidai."

Ranar, ana gama huɗa, Mati ya saki taken. Sulemanu na zaune gindin ɗorawa cikin dattawa, ya yi kamar bai ji ba. Habila ya fito ya riƙe garma kamar lema, ya fara da ƙafar hagu, ya juya inda ya kamata ya durƙusa. Mata suka fashe da dariya. Tsoho ya kau da kai, amma yatsun ƙafarsa sun riga sun tona masa asiri.

Can ya miƙe. "Ba ni nan. Takena kake yi wa wannan wulaƙanci?"

Ya karɓi garma, ya cilla ta sama, ya cafe, ya durƙusa daidai bugun ganga. Guɗa ta tashi. Liatu ta ji daɗi har idonta ya kawo ruwa.

Da ya gama, yana haki, ya dubi ɗansa. "Shekara guda, abin da suka koya maka ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"To, ba ka ma fara ba. Hutu na ƙarewa ka koma, ba za ka zauna nan kana ba ni kunya ba. Kafin nan, kullum da la'asar ka same ni bayan gida da garma."

A hanyar gida Sulemanu ya rage tafiya har Liatu ta iso shi.

"Na san aikinki ne," ya ce.

"Ni kuma me na yi, Malam?"

"Yaron da ya san daidai inda zai ɓata rawa ta yi mini zafi, ai ya iya ta."

Ta gyara ƙwaryar da ke kanta, ta wuce gaba don kada ya ga tana murmushi.