Ƙuri'ar Tafkunan Outi

Ƙarfe goma da kwata Outi Karvonen ta ga tara a allon kwamfutarta, inda ya kamata ta ga huɗu.

Shekara biyar tana auna kifin tafkunan gabas, kuma duk kundin digirinta na dokta a kan magana ɗaya ya tsaya: inda aka yanka magudanai a fadama, kifi na ƙarewa. Su mutanen ƙididdiga suna da wata lamba da suke tsoro kamar me. In ta fito ƙasa da biyar, bincikenka ya tsaya da ƙafarsa. In ta haura, a ce dace ne kawai. Tata huɗu ce tun bara. Yau kuwa sha biyun rana maɗaba'a za ta rufe karɓar aiki, gobe jajiberin bikin tsakiyar bazara, kowa ya tsere gidan katakonsa na bakin tafki, sai kuma Agusta. In kundin bai shiga yau ba, ranar kare shi ta Satumba ta tafi ke nan.

Tsohuwar kwamfutarta ce ta mutu ranar Litinin. Aka ba ta sabuwa mai tsarin Linux, fayau, babu R a ciki, manhajar da take duk lissafinta da ita. Da safe ta buɗe baƙin allon umarni ta ɗora R da kanta, wai don ta gyara sunan wani tafki a jikin zane ɗaya. Sunan tafki fa! Da ta bar shi da kuskurensa, ba mahaluƙin da zai kula. Ta sake lissafin har sau uku, tara dai, ko gezau.

Ta ɗauki kwamfutar ta sauka wurin Reijo, dattijon da ke kula da na'urorin sashensu na jami'a. Har ya sa rigar tafiya, jakar naman da zai gasa a hutu na jingine a bakin ƙofa.

"Reijo, lambata ta canza."

"Lamba ba ta canza kanta, mutane ne ba sa barin hannunsu ya huta," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wanne kika ɗora?"

"Sabon."

"Sabon." Ya ajiye kofin kofinsa a hankali. "Wa ya aike ki, Dokta? Mai shirin kare kundi ko burushin haƙori ba ta sabuntawa."

Ita dai ba ta yi dariya ba. Ya jawo kujera ya duba allon.

"Lissafin nan naki ƙuri'a yake jefawa, ko? Ya ɗebo tafki ɗari biyu cikin dubu. To tsohon yana da yadda yake girgiza ƙwaryar, sabon ya canza hannu. Tafkunan da ya ɗebo miki yau ba su ne na bara ba. Mu cire shi mu mayar da tsohon."

Mayar da tsohon ba wasa ba ne, sai an haɗa shi daga tushe. Sha ɗaya da minti biyar rubutu ya fara gudu a allo. Can ya tsaya cak, wai wani guntun abu babu. Reijo ya yi tsaki, ya nemo shi, aka koma farko. A farfajiya ana ta jan akwatuna, ana sallama, ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Outi ba ta iya kallon komai sai agogon bango.

Sha biyu saura ashirin ya gama. Ta danna. Huɗu.

"Ga huɗunki nan," in ji Reijo, yana saɓa jakarsa. "Tura musu, ki je ki shiga wankan tururi ki manta."

Ta buɗe wasiƙar maɗaba'a, ta maƙala kundin. Sai yatsanta ya tsaya.

"Reijo, kifin ai bai san wace manhaja na ɗora ba."

"Outi."

"In gaskiya ne, duk yadda aka girgiza ƙwaryar ya kamata ya fito."

Ta cire umarnin da ke sa na'urar maimaita jifa ɗaya kullum, ta sa ta jefa ƙuri'ar sau goma, kowace daban. Suka jero a allo: bakwai, sha ɗaya, huɗu, tara, takwas, sha biyu, shida, uku, tara, goma. Biyu ne kacal ƙasa da biyar. Ashe bara sa'a ce ta faɗo mata a jifan farko, ita kuma don murna ba ta ƙara jefawa ba. Kunya ta kama ta, wadda ta fi tsoron zafi.

Reijo ya dubi lambobin. Ya sassauta murya. "Ba wanda zai tambaye ki. Mai jarraba ki ma da tsohon yake aiki, ni na ɗora masa. Shi ma huɗu zai gani."

"Na sani."

"Saura minti shida. Mahaifiyarki har ta ɗinka rigar Satumba, ke kika gaya min."

"Ta ɗinka."

Ta dubi wasiƙar. Danna ɗaya ce, kuma har ga ranta tana so ta danna. Ta cire kundin, ta rubuta layi biyu cewa ba zai zo ba wannan karon, ta tura. Sannan ta kifa kai a kan teburin Reijo ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya tsaya yana kallon taga kamar an sa shi ƙirga itatuwa.

Da ta ɗago, sha biyu ta gota. Ta goge fuska da hannun riga, ta tura masa kwamfutar.

"Cire wannan. Sake ɗora min sabon."

Reijo ya sauke jakarsa, ya tuɓe rigar tafiya ya rataye a ƙofa.