Kabarin da Ya Yi Ƙaura

A saman tudunmu akwai tsibin duwatsu da muke kira Carn Wen. An ce kabarin mutanen da ne, tun kafin a san ƙarfe. Mu makiyaya abu ɗaya muka san shi da shi. In hazo ya rufe, ka laluba har ka ga tsibin, ka bar shi a hagunka, ka gangaro gida. In ka kuskure, taɓo ya haɗiye ka. Haka ubana ya koya mini, haka na koya wa 'yata Nerys.

Sai maƙwabcina Gethin ya sayar da tumakinsa, ya mai da gidansa masaukin baƙi. Ya ƙirƙiro musu al'ada, wai duk wanda ya hau ya ɗora dutse ɗaya zai ga alheri. To can sama baƙar laka ce da ciyawa, ko tsakuwa babu. Ina za su samo dutse? Jikin kabarin mana. Su ciro, su kai bakin gangare inda hoto ya fi kyau, su ɗora, su washe baki. Mamacin da ya tsira daga ruwa da ƙanƙara tun tale-tale bai tsira daga masu jakar goyo ba.

Ni ban san ɓarnar ta kai haka ba, don ciwon gwiwa ya hana ni hawa tun bara. Ranar nan Nerys, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a birni ba, ta tafi da safe neman tumakin da suka ɓalle. Kafin rana ta yi tsaka hazo ya sauko. Ina tsaye bakin shinge ina leƙen tudu, sai ga Gethin da wayarsa.

"Emrys, sarkin fargaba! Wa ya mutu kuma? Zo ka ga aiki. Sabon tsibinmu ya fi tsohon tsawo."

Na duba hoton. Tsohon ya zama kamar ɗan tulin toka, ciyawa ta fara rufe shi. Sabon kuwa ga shi ƙato, daidai kan taɓo.

"Gethin, wanda ya bar wannan a hagunsa, ina zai faɗa?"

"Wa ke yawo cikin hazo in ba mahaukaci ba?"

"'Yata, kai sakarai!"

Na ɗauki sandar kiwo da igiya, na tasa shi gaba. Yana haki yana cewa ai yaran yanzu suna da taswira a waya. Na ce can sama wayar ko gaisuwa ba ta amsawa. Gwiwata tana kuka, ban saurare ta ba.

Haushin karen kiwonmu da ya bi ta ne ya kai mu. Taku kaɗan ƙasa da sabon tsibin muka same ta, laka har ƙugu, ta rungumi wani tushen ciyawa, leɓɓanta sun yi shuɗi. Na jefa mata igiya, muka ja, taɓon ya sake ta da ƙyar, ya riƙe takalmi ɗaya.

"Baba," ta ce, haƙoranta na karo, "na bar shi a hagu yadda ka ce. Ko kabarin ne ya yi ƙaura?"

"Tambayi mai gidan baƙi, shi ya yi masa dako."

Washegari hazo ya yaye. Na ƙwanƙwasa wa Gethin ƙofa, na miƙa masa buhu.

"Haba Emrys, kayan tarihi ne fa. Doka ta hana a taɓa."

"Da ake kwasa, dokar barci take yi?"

Har yamma yana jidon duwatsu yana mayarwa kabarin. Ba mu san inda kowane dutse yake a da ba, mamacin sai ya yi haƙuri da yadda ya samu. Wasu baƙi biyu suka tsaya suna kallonmu. Matar ta tambaya ko wannan ma al'ada ce. Nerys ta ce mata e, ta ɗora mata dutse a hannu, ta nuna mata hanyar kabarin.