Takwaran Minista

Jami'in duba fasfo ya ɗaga hatimi zai buga, sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi allon na'ura, ya dubi Sufyanu, ya sake duban allon. Sannan ya ajiye hatimin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Sufyan Abdulbasit?"

"Na'am."

"Mamnu'. An hana ka fita. Koma gefe."

Sufyanu ya koma gefe. Ta gilashi yana hango jirgin da zai bi da shi ta Alƙahira zuwa Kano, fari tas cikin ranar hantsi. Yana nan tsaye aka rufe ƙofar jirgin. Bayan sa'a biyu wani ma'aikaci ya turo masa akwatinsa, har yanzu da tambarin Kano a maƙale a hannunsa.

Mutumin Haɗeja ne, shekararsa huɗu a Riyad yana tuƙa motar sanyi ta wani kamfanin kaji da ke unguwar Ulaya. A gida Sufyanu ake ce masa. Mai rubuta fasfo ne ya gutsure wasalin ƙarshe, ya liƙa sunan mahaifinsa a baya. Bai san sunan yana da kasuwa ba sai ranar da ya fara aiki, da aka kira sunayen direbobi, mutanen Asiya da ke wurin suka fashe da dariya. Mushtaƙ, bakaniken kamfanin, mutumin Siyalkot, ya yi masa bayani cikin guntun Larabcin da kowa ke lallaɓawa da shi: a ƙasarsu akwai wani tsohon minista mai wannan suna, harafi da harafi. Kukun kamfanin, ɗan Bangaladash, ya ce su kuwa mawaƙi ne, wanda in ya buɗe baki mata ke share hawaye. Wani ɗan Indiya ya rantse gwanin wasan hoki ne. Aka yi ta musu a kan wanda ya fi shahara, shi mai sunan yana zaune yana cin shinkafarsa.

Tun daga ranar ya zama Minista. Bai ƙi ba. A kasuwar Batha ma akwai mai shayin da ke sara masa, ya ƙara masa madara.

Abin da ya tashe shi tafiya kaset ne da wani ɗan garinsu ya kawo masa. Muryar Gogo, mahaifiyarsa, ta fito tare da kukan awakin tsakar gida. Ta gaishe shi, ta isar da gaisuwar kowa, sai can ƙarshe ta ce, "Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama yana bi. Ban ce ka bar aikinka ba. Amma in da hali, ka zo in dube ka tun ina rarrabe fuska."

Sau uku ya je gaban kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, kafin a fito da fasfonsa daga aljihun tebur, a buga masa bizar fita da dawowa. Kwana sittin aka ba shi.

Washegarin dawowarsa daga filin jirgi, Abu Marwa, ɗan Sudan mai bin takardun kamfanin, ya je ya bincika. Ya dawo yana kaɗa kai.

"Tashabuh asma'," in ji shi. "Suna ne ya zo ɗaya. Wani babban mutum ne aka aiko daga waje a tsare shi kada ya fita. Suna kawai suka aiko, ba lambar fasfo, ba shekarar haihuwa."

Mushtaƙ, da ke goge hannu da tsumma a bakin gareji, ya tsaya cak. "Ministanmu ne," ya ce a hankali. "An ce ya zo Umara bai koma ba."

"To ai sai a dube ni a dube shi," in ji Sufyanu.

"Kwana biyu ne, in sha Allah," in ji Abu Marwa.

Ofishin da ake warware irin wannan yana da taga bakwai da benci huɗu. Sufyanu yakan iso kafin a buɗe, ya karɓi lamba, ya zauna tsakanin mutanen da kowannensu ke rungume da ambulan. Aka ce ya kawo takarda daga ofishin jakadancin Nijeriya. Malam Bashari na sashen fasfo ya rubuta masa cikin mako guda, har ya rako shi ƙofa yana cewa, "Haƙuri, ɗan'uwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse." Aka karɓi takardar, aka ce a fassara ta. Da aka fassara, aka ce saura wasiƙar kafili. Kafili kuwa ya tafi hutun bazara da iyalinsa.

A mako na biyar Mushtaƙ ya zagaye shagunan Batha har ya samo tsohuwar jarida ta harshensu mai hoton mutumin. Ya ɗauki rabin yini daga aiki, ya raka Sufyanu. Jami'in taga ta huɗu dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dubi hoton: ƙaton mutum fari, mai gashin baki, ya haura sittin. Ya dubi siririn baƙin saurayin da ke gabansa. Dariya ta ƙwace masa, sai kuma ya haɗiye ta da ya ga fuskar Sufyanu.

"Wallahi na gani, ɗana. Ba kai ba ne. Amma ba ni na sa sunan ba, ba ni zan cire shi ba. Sai waɗanda suka aiko sun aiko da lamba."

"Baba, uwata tana makancewa."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Allah ya ba ta lafiya. Ka dawo bayan sati biyu."

Kwana sittin suka cika a kan benci. Biza ta mutu, fasfo ya koma aljihun tebur, Sufyanu ya koma sitiyari. Akwatin yana ƙarƙashin gadonsa a ɗakin da su shida ke kwana a Al-Oud, bai kwance igiyar ba. Ƙamshin turaren da ya saya wa Gogo yakan tsiyayo ta bakin murfin in zafi ya yi yawa. Kullum da safe yakan bi ta jikin katangar maƙabartar unguwar. Wata Juma'a ya bi wata gawa ciki don neman lada, ya ga kaburbura jere, ƙasa da 'yan duwatsu, babu ko ɗaya mai rubutun suna. Ya daɗe a tsaye bayan mutane sun watse.

A kamfani aka daina ce masa Minista. Ba wanda ya hana, kowa ya bari da kansa, kuma shirun ya fi tsokanar ciwo. Ranar Talata yakan kai kaji wani otal a hanyar filin jirgi. In jirgi ya taso ta saman motar, sai ya ƙara ƙarar rediyo. Wata rana kuku ya sa kaset ɗin mawaƙin nan na ƙasarsu, takwaran Sufyanu, shi a ganinsa zai faranta masa. Sufyanu ya ture kwanon abincinsa ya fita. Da yamma ya dawo ya ba kukun haƙuri.

A wata na biyar, a damunar da bai gani ba ta 1997, Mushtaƙ ya same shi yana loda kwalaye. Ya miƙa masa sabuwar jarida ba tare da ya dube shi ba. Mutumin ne dai, a buɗaɗɗiyar mota, an rataya masa furanni har kunne, jama'a na ɗaga hannu.

"Ya koma gida," in ji Mushtaƙ. "Sun shirya da gwamnati. Jaridar ta ce a Landan ya zauna duk wannan lokaci. Tun kafin sunan ya iso nan ya fita."

Sufyanu ya zauna a kan kwali, sanyin motar yana dukan bayansa. "Wato ni kaɗai nake tsare."

"Ka yafe mana, aboki."

"Kai me ka yi?"

Ya kai jaridar taga ta huɗu. Dattijon ya ce labari ne mai daɗi, yanzu saura a aiko a rubuce cewa an janye. Ya ce ya dawo bayan sati biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan waya na Batha, wani akurki na gilashi da mutum ba ya iya miƙe hannu a ciki. Ya riga ya aika saƙo a kawo Gogo gidan Alhaji Inuwa, mai tarho a unguwarsu. Ƙanwarsa Ruƙayyatu ce ta ɗauka. Ya ji tana cewa, "A hankali, Gogo, akwai dakali. Ga kujera a bayanki. Kawo hannunki, ga shi nan."

Ya rufe ido.

"Kana lafiya?" in ji Gogo. "Me ya riƙe ka haka?"

Yaya zai ce mata suna ne ya riƙe shi? Ita ta roƙi mahaifinsa a sa masa wannan suna, don wani malami da ya yi wa gidansu alheri. Sufyanu ya jingina goshinsa da gilashi.

"Aiki ne, Gogo. Ya kusa ƙarewa."

"To, kada ka tayar da hankalinka. Ka yi aikinka a natse. Yanzu ba sauran gaggawa."

Layin yana ta shuuu, kamar ruwa a kan kwano.

"Kana nan?" ta ce. "Yi ta magana mana. Muryar taka ta yi kauri."

Sai ya shiga ba ta labarin zafin garin, da kajin da ke zuwa daskare kamar duwatsu, da abokinsa bakanike da ba ya cin abinci sai da barkono. Tana dariya, tana cewa, "Sai kuma me?" A waje wani mai jiran layi ya ƙwanƙwasa gilashin, ya nuna masa agogo. Sufyanu ya juya masa baya, ya ci gaba.