Takunkumin Baba

"Baƙi sun iso! Ina takunkumin?"

Muryar Yaya ce daga tsakar gida. Auta ta zabura, ta kusa kifar da kofin da ke hannunta. Kafin ta ajiye, matar Yaya ta faɗo ɗakin da kwalbar turare, ta fesa wa labule, ta fesa wa matashi, ta fesa wa wuyan rigar Baba, sannan ta zaro takunkumi fari ƙal ta maƙala masa a kunnuwa.

"Anti, ko gama haɗiyewa bai yi ba fa."

"Zai haɗiye a ciki. Matsa, ki gyara masa hula."

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ɗakin nan ya zama wurin nuni. Zanen gado a goge, farce a yanke, ƙafafu sun sha mai har suna sheƙi. Yaya ya sayo gado mai ɗagawa, kuma bai bar kowa a duhu ba, duk wanda ya shigo sai an ɗaga an sauke a gabansa. Takunkumin kuwa, cewa ake kariya ce daga numfashin masu zuwa dubiya. Ƙarya ce tsagwaronta, kowa a gidan ya sani. Wari ne ke fita daga bakin Baba, warin da ya gagari turare.

Baƙi suka shigo, tsofaffin abokan aikinsa na tashar mota, inda ya yi shekaru yana yankan tikiti.

"Mai Wushirya! Haka ka koma ango?" in ji ɗaya. "Kai, yaran nan, Allah ya yi muku albarka. Ko ƙuda bai isa ya sauka a kansa ba."

Yaya ya yi murmushi, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto don 'yan uwa na nesa. Baba ya yi tari a bayan takunkumin, ƙaramin tari mai ruwa-ruwa. Idanunsa suka bi Auta, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna fuskarsa.

"Sauke masa yake so a yi," ta ce a hankali.

"Bari su tafi," in ji Yaya ta gefen baki.

* * *

Auta ba ta iya zama wuri ɗaya ba a kwanakin nan. Ta je gidanta, hankalinta na nan. Ta dawo, ta rasa abin da za ta kama. Tarin Baba ya ƙi tafiya. In an ba shi ruwa sai ya ƙware, abinci kuma ya maƙale a kuncin da ya shanye.

Ta tari matar Yaya a bakin famfo.

"Anti, wai wa ke wanke masa baki?"

"Ke ma dai! Ni suruka, in tura yatsa a bakin surukina? Ai da kunya. Na ɗauka yayanki ke yi in ya yi masa wanka."

Ta sami Yaya yana goge mota.

"Ni wanka ne nawa," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Sauran ai na mata ne. Kuma mutumin da ba ya tauna nama, me zai ɓata masa baki? Kada ki ƙirƙiro mana aiki."

Ta shiga banɗakin Baba. Buroshinsa na tsaye a kofi, ya bushe ƙamas, gizo-gizo har ya ja zare daga bakin kofin zuwa bango. Mutumin da a da ba ya fita sai ya tsaya gaban madubi ya duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya! Ta ɗauko, ta jiƙa, ta nufi ɗakin da sauri. Tana taɓa goshinsa ta janye hannu. Zafi kamar garwashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana wani gurnani.

"Yaya!" ta ƙwalla. "Fito da motar!"

* * *

A asibiti, likita ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka ɗauki hoton huhu, sannan ta sa safar hannu ta sauke takunkumin. Ta haska bakin da ƙaramar tocila. Yaya ya ja da baya, ya kau da kai. Auta ta tsaya ta gani. Dasashin ya kumbura ya yi jawur, harshe ya yi fari da dauɗa, a lungun kunci ga tsohon abinci ya dunƙule ya yi baƙi.

"Yaushe rabon a goge masa baki?"

Yaya ya gyara tsayuwa. "Likita, mu fa tari muka kawo. Ki duba jikinsa, ko ƙurji babu. Gadonsa ma..."

"Na gani, kun yi ƙoƙari. Amma tarin daga nan ya taso." Ta nuna bakin. "Kowa na da ƙananan halittu a baki, masu amfani da masu cutarwa. In aka daina gogewa, masu cutarwar su yi yawa. Shi kuma haɗiyarsa ta lalace, yawu na zurarewa ta hanyar iska, ya kai su huhu. Masu bincike sun daɗe suna bin sawunsu, yanzu har dangantakarsu da ciwon zuciya da na suga ake dubawa. Ga marasa lafiya irinsa kuwa, goge baki kullum yana rage haɗarin nan."

"Goge baki kawai?" Auta ta tambaya.

"Da ɗan buroshi mai laushi, ko auduga."

An yi tuya an manta da albasa ke nan. Haushi ya turnuƙe Auta, na Yaya, na Anti, na ɗakin nan mai ƙamshi.

Aka ɗaura masa ruwa, aka yi allurai. Nas ta kawo auduga da ruwan ɗumi, Auta ta karɓa ta ce ita za ta yi. Ta naɗe a yatsa.

"Baba, buɗe mini. Ni ce, Auta."

Ya buɗe da ƙyar. Ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta share kunci, ta canza auduga, ta sake. Wushiryar ta fito. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, ya kama wuyan hannunta ya riƙe, ya ƙi saki. Ba ta gama ba nas ta ce a matsa, numfashinsa na ƙasa. Aka kifa masa robar iska a fuska, kuma ba a sake cirewa ba sai da rai ya yi halinsa.

* * *

Gida ya cika da masu gaisuwa. Auta na jin su ta taga.

"Wallahi ya ga gata. Irin jinyar da aka yi masa, sai dai a yi koyi."

"Kwana ne ya ƙare," in ji Yaya. "Babu abin da ba mu yi ba."

Ta shige ɗakin Baba ta turo ƙofa. Har yanzu turare bai bar labulen ba. Ta zauna a bakin gadon mai ɗagawa, ta tashi, ta sake zama. Wayarta ta yi ƙara: Yaya ne ya turo wa dangi hotunan jinya gaba ɗaya, don tunawa.

Ta fara ja da yatsa, tana neman guda ɗaya da zai nuna mata wushiryar. Ga Baba da farar riga. Ga Baba da baƙi. Ga Baba da jikoki, an ɗaga gado. Ta ja har ƙarshe, ta dawo farko ta sake bi a hankali.

A kowanne idanunsa kawai ake gani, a saman farin ƙyalle, suna kallon mai ɗaukar hoton.