Ƙafar Bishop

A garinmu, ɗan tsukin gidajen katako tsakanin teku da daji, ba a shuka masara sai an binne mata kifi a gindi. Wurin 'yan ƙasar muka koya, mu da muka baro Ingila da niyyar koya musu noma. Shi ya sa majalisa ta kafa doka: da an fara shuka, kowane kare a ɗaure masa ɗaya daga ƙafafun gaba a wuyansa har kifin ya ruɓe. Karen da ya tone gonar wani, ubangidansa zai biya da irin shukarsa.

Kwando ɗaya na iri ya rage wa Barnabas Wickett, na gonar bayan gida da bai kai ga shukawa ba. Da wannan gona yake sa ran fitar da iyalinsa hunturu mai zuwa. Na bara sun ƙarasa shi ne da ruwan zafi da addu'a.

Yana kuma da kare, Bishop, wanda ya samu sunan babban limamin coci saboda yawan ci da ƙarancin aiki. Jiya da yamma Barnabas ya ga igiya ta cinye masa fata har jini, tausayi ya kama shi, ya kwance. Da gari ya waye ya mayar da ita cikin gaggawa, yana jin bakin karen na ƙarni.

Bai gama wanke hannu ba ya hango maƙwabcinsa Hezekiah Pell tafe da ɗan dokan gari, Tristram, tsohon matuƙin jirgin ruwa. Hezekiah na riƙe da kan kifi a tsinke kamar tuta.

"Ɗan'uwa Barnabas, fito da shaiɗanin nan naka. Gonata ta bakin rafi ta zama kamar an yi yaƙi."

"Kyarkeci ne, maƙwabci. Ni ma na ji kukansu."

"Kyarkecin da ya gama ɓarna ya nufo ƙofarka? Haya yake a gidanka?"

Bishop ya fito yana ɗingishi da ƙafa uku, kai a sunkuye kamar mai shiga coci. Barnabas ya ji ƙaunarsa ta ƙaru.

"Ga shi nan. Wannan ko ƙuma bai iya sosawa."

"A shinshina bakinsa!" in ji Hezekiah.

"Kai ma a shinshina ka," in ji Damaris, matar Barnabas, daga bakin ƙofa. "Wa ya rage a garin nan da ba ya ƙarni? Ranar Lahadi fasto ma sai da ya sa aka buɗe tagogi."

Tristram bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban karen, gwiwoyinsa na ƙara. Tsohon ya taɓa ƙullin, ya juya shi, sannan ya ɗaga ƙafar da ke ƙasa. Ga zoben ciwon igiya nan ɗanye, babu gashi.

"Ni na ɗaure karnukan garin nan da hannuna," ya ce a hankali. "Duk dama na ɗaure. Wannan hagu ce. Ƙullin kuma, da a jirgi aka yi shi, da yanzu muna ƙarƙashin ruwa."

Damaris ta dubi Barnabas, irin kallon da ke cewa za a yi magana daga baya, doguwa.

"Ɗauko kwandon," in ji Tristram.

Barnabas ya shiga ya sauko da shi daga jikin azara, inda ya rataye shi saboda ɓera. Ya miƙa, yatsunsa suka ƙi saki, sai da Hezekiah ya fizga.

"Allah ya sa albarka," in ji Damaris. "Da me za ka binne shi, maƙwabci?"

Hezekiah ya tsaya. Kifi ya daina hawowa rafi tun makon jiya, kowa ya sani. Masarar da aka shuka a ƙasar nan ba kifi kuwa, da ƙyar take kai gwiwa. A bayan gidan Barnabas akwai ganga guda cike da kifi, tana jiran gonar da yanzu ba ta da iri. Ƙudaje ma sun san da ita.

"Ɗan doka, ai kifina karen ya ci," in ji Hezekiah. "Don haka sai a biya. A haɗa min da gangar."

"Doka iri ta ce. Ba ta ce kifi ba."

Hezekiah ya dubi kwandon, ya dubi bayan gidan.

"A gonata za a shuka, a raba biyu," ya ce. "Amma kai za ka yi tonon."

Rabin abin da Barnabas ya sa rai ke nan. Ya lissafa bakunan gidansa, ya ga hunturun zai yi tsawo, amma mai yiwuwa su ga ƙarshensa. Ya ce ya yarda.

Kafin rana ta take, Barnabas da Hezekiah sun kama hanyar bakin rafi suna mirgina ganga, kowa na zargin ɗan'uwansa da rashin turawa. Tristram ya sake ɗaure Bishop, a hagu wannan karon saboda ciwon, da ƙullin da sai wuƙa. Karen ya bi su a baya da ƙafa uku, hancinsa a jikin gangar.