Karbur Ɗaya a Kwalba

Farida ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsorata Mushe Ashiru, malamin makaranta, ke nan. Ta dafe idanunta da hijabi, jini na bin yatsunta, shi kuma yana murza babur daga Takanamat zuwa Tahoua, rairayi na cin taya.

"Riƙe ni da kyau, ɗiyata. Mun kusa."

Ƙarya yake. Ko rabi ba su yi ba.

* * *

Shekara takwas yana koyar da kimiyya da alli kawai. Yakan zana wuta a allo, yara su kwafe ta. Kayan gwaji kuwa akwai su, akwati shida, har da tabarau na kare ido, kulle a mangaza, ɗakin ajiyar daraktan makaranta, tun ranar da aka kawo su.

"In abu ya hwashe, wa za a tambaya? Ni," in ji daraktan, ya mai da makulli aljihu. Kaya lafiya lau, sai yara ne ba su san komai ba.

Da Ashiru ya gaji, ya roƙi wani mai walda ƙwayar karbur guda, mai fid da iskar gas in ta ji ruwa. Ya jefa ta a kwalba, ya toshe da totuwa, ya soka bututun biro. Ya san ƙa'ida sarai: sai a bar iskar farko ta fice kafin a kunna, in ba haka ba kwalba ta fashe. Amma karbur ɗin ɗaya tal ne, yana narkewa a idonsa, ga yara saba'in sun miƙa wuya. Ya ji tsoron ya ƙare ba su ga komai ba. Ya ƙyasta ashana.

'Yarsa ce a bencin gaba. Shi ya zaunar da ita nan.

* * *

Likita ya fito yana cire safar hannu.

"Mun hidda gilashin. Idon dama ya tahi, Mushe. Na hagu sai mu jira."

Ashiru ya shiga wurin Farida. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ta laluba ta kamo hannunsa, fuskarta naɗe da farin ƙyalle.

"Baba, wutar ta kama kuwa?"

"Ta kama."

"Ban gani ba. Wane launi ta yi?"